Naman Layyar da Inna Ta Bari

Inna ta rasu kwana ashirin da uku bayan Babbar Sallah. Ba a kai ga sadakar arba'in ba jinin Baba ya hau, ya faɗi a bakin rijiya yana alwalar la'asar, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallame shi daga asibiti ban yarda an mayar da shi Katagum ba. Na ce wa yayyena maza su yi haƙuri, gidana a Azare ya fi kusa da likita. Mijina ya daɗe da rasuwa, 'ya'yana biyu suna makarantar kwana, ɗakuna suna nan ba kowa. Ni ce auta, kuma bakina ya fi na kowa a gidanmu, saboda haka ba wanda ya ja da ni. Na ɗauki hutu daga makarantar da nake koyarwa, na gyara masa ɗakin da tagarsa ke kallon tsakar gida.

Matsalarmu ɗaya ce: Baba ba ya cin abinci. Da safe zai kurɓi koko kaɗan. Da rana in kai masa shinkafa ko taliya ko faten dankali, in dawo in tarar da rabi. Hannun dama ya mutu, da hagu yake ci, abin da bai taɓa yi ba tun da ya yi wayo. Na so in riƙa ba shi a baki, ya kawar da kai. Na so in zauna ina kallonsa, ya nuna min ƙofa da haɓa. Magana kuwa ta zame masa aiki, kalma ɗaya sai ya yi ta juya ta a baki kafin ta fito. Don haka in na ajiye abinci sai in ja labule in fita.

Ran Litinin ɗin da muka koma asibiti aka ɗora shi a sikeli. Likitan wani mutumin kudancin Bauchi ne mai sanyin murya, ya duba takarda, ya dube ni, ya ce, "Malama, Baba yana ramewa da sauri. Na ba ku mako uku. In kun dawo yana nan a haka, sai mu kwantar da shi mu sa masa robar abinci ta hanci."

Baba ya ji. Lokacin da yake kwance a asibiti akwai wani tsoho a gadon kusa da nasa da aka yi wa haka, an ɗaure masa hannu don kada ya fizge robar. A mota muna dawowa Baba ya kama wuyan hannuna da hagunsa, ya matse har na ji zafi. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan ya ce, "Kada."

Na ce, "Ba za a sa maka ba, Baba. Na yi maka alkawari."

Na yi alkawarin ban san da me zan cika shi ba. Kwana uku ina tunani, sai na tuna da burabuskon Inna.

A gidanmu kowace Juma'a Inna ke yin sa. Tun ran Alhamis take surfa gero, ta wanke, ta shanya, ta barza shi ya zama tsaki. Miyar yakuwa ce da gyaɗa da daddawa, a ɗiga man shanu a sama. In an sauko daga masallaci a zuba wa Baba nasa a baƙin akushinsa a kai masa zaure. Ni ke ɗauko akushin in ya gama, aikin auta ne. Wata rana in wasa ya ɗauke min hankali, sai in tarar da shi zaune ya dafa murfin da hannu yana korar kaji, ya dube ni ya ce, "Auta, kin daɗe." Baba mutum ne da ba ya yabon abinci, amma ranar burabusko har yatsunsa yake lasa. Na ce a raina, to ai shi ke nan, an gama. Abincina ne bai yi masa ba, ɗanɗanon hannun matarsa yake nema.

Ran Asabar na hau mota zuwa Katagum. Tun ranar sadakar uku ba wanda ya buɗe ɗakin Inna. Da na tura ƙofar, ƙamshin turaren wutarta ya dake ni, sai da na zauna a bakin gado na yi kukana na ƙoshi. Sannan na durƙusa na jawo kayan da ke ƙarƙashin gadon. Ga tsakin gero a tsohon gwangwanin madara babba, wanda ta barza da hannunta. Ga busasshiyar yakuwa ƙulle a tsumma, ga daddawa ƙwaya shida, ga man shanu rabin kwalba, ga kanwa. Can a lungu kuma wata langa mai murfi, an ɗaure ta da gefen zani. Na kwance. Naman layya ne, soyayye, ya bushe ƙarau a cikin kitsensa yadda take yi duk shekara don ya kai mu har damina ta wuce. Na ƙirga, tsoka goma sha uku. Wannan shi ne girkin Inna na ƙarshe da ya rage a duniya. Na rungumo langar a cinyata har Azare, ban yarda an sa ta a bayan mota ba.

Washegari ban kunna gas ba. Na haɗa murhu a tsakar gida, na sayo itace, na aro tukunyar ƙasa a maƙwabta. Na tafasa ruwa, na zuba tsakin ina juyawa da muciya, na janye wuta na bar shi ya turara. Miya kuwa na yi ta kamar mai karatun jarrabawa: a dafa yakuwa a tsiyaye ruwan farko, a sa kanwa 'yar mitsitsiya don ta kashe tsami, gyaɗa daga baya, daddawa a daka ta da albasa. Gishiri kaɗan saboda likita. Na jiƙa tsoka ɗaya a miyar har ta yi laushi. Da na ɗanɗana, wallahi sai da na waiwaya, kamar zan ga Inna a bayana. Na zuba a farantin tangaran, na ɗora naman a sama, na kai masa.

Ya sunkuya ya shinshina. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Na ja labule na fita zuciyata fes.

Da na koma, rabi ya ci. Naman yana nan.

A nan zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa yayyena ba. Ina ƙyamar farantin Baba. Hannun hagu yana rawa, miya ta zuba a tabarma, ta ɓata masa gemu, bakinsa kuma tun da ya karkace ba ya riƙe yawu. In na shiga ɗaukar farantin, ba na dubansa da kyau. Ina kawar da kai in ɗauka, in fita da sauri, in kife shi a bahon dusar awaki da ke bakin famfo, in ɗauraye da omo har sau biyu. Bahon nan yana daidai tagarsa. Awaki su cinye tsakin, naman kuwa kyanwar maƙwabta ce ke zuwa ta ɗauke. Naman Inna! Raina yana ɓaci, amma ina ce wa kaina, to ya zan yi, wa zai ci abin da mara lafiya ya jagwalgwala?

Kwana takwas a haka. Kullum tsoka ɗaya, kullum tana dawowa. Na zargi itacen, na canza. Na ce ko kanwa ta yi yawa, na rage. Na ce ko ruwan famfon Azare ne ba irin na rijiyarmu ba, har jarka na sa direba ya cika min daga Katagum, ku ji hauka. Ba abin da ya canza, sai ma raguwa da cin ya yi. Na lura kuma ya daina kallon taga. In na shiga sai in tarar ya juya fuskarsa bango.

Sai na yi dabara irin ta masu ilimi. Na ce naman nan ya fi ƙarfin haƙoransa, bari in daka shi a turmi ya bi miya, ko bai so ba zai shiga cikinsa. Na kuma tuna likita ya ce a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, don abinci mai yawa yana tsorata mara lafiya. Na koma zuba masa a ɗan ƙaramin faranti, irin wanda ake ɗora kofin shayi. Na ce wannan kam ko yaro ya cinye.

Ranar farko ya yi loma uku. Rana ta biyu loma biyu. A ɗan farantin nan da bai kai tafin hannu ba, sai ya ci gefe ɗaya ya bar gefe ɗaya. Rana ta uku haƙurina ya ƙare. Na tsaya a kansa, ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba, na ce, "Haba Baba! Wannan ɗan abin ma ba za ka cinye ba? So kake a sa maka robar? Ni na gaji wallahi. Na je Katagum, na hura itace, idona ya yi ja, me kuma kake so in yi?"

Ya ɗago ya dube ni. Leɓensa ya yi ta motsi, ba abin da ya fito. Daga baya ya runtse ido. Na fita na kife farantin a baho da ƙarfi har ya tsage. Har yau in na tuna tsayuwar nan da na yi a kansa, sai in ji kunya ta rufe ni.

Ran Alhamis Goggo ta zo. Ƙanwar Baba ce, tana aure a Gadau, tsohuwa 'yar firit mai kaifin ido, ba ta iya ɓoye magana ba ko a gidan makoki. Ta shiga ta gaida yayanta, ta daɗe a ciki, sannan ta fito. Da rana na kai masa abinci. Da na fito da farantin na nufi baho, sai na ji muryarta a bayana.

"Ke! Ina za ki da shi?"

Na ce, "Awaki zan ba, Goggo. Kin gani dai, loma biyu."

"Kawo nan."

Ta karɓa, ta matsa cikin haske, ta juya farantin a hannunta. Ta ce, "Zo ki duba. Buɗe idonki, ba kawar da kai za ki yi ba."

Na duba. Gefen da ya ci ya dagule, miya ta malale har baki. Ɗaya gefen kuwa sumul yake kamar yadda na zuba, ko alamar yatsa babu. Tsakaninsu an ja iyaka, an tattare tsakin da ya zubo an mayar da shi gefen mai ci. Mutumin da hannunsa ke rawa, wanda ba ya iya kai loma baki sai rabi ya zube, shi ya yi wannan aikin.

Goggo ta ce, "Tun yaushe kike zubarwa?"

Na ce, "Tun da ya zo."

"A nan? A gaban tagarsa?"

Na waiwaya na dubi tagar.

Ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ke da aka ce kin yi boko. Shekara nawa kika yi kina ɗauko akushi a zaure? Kin taɓa ɗauko shi wayam? Yaya bai taɓa cinye kwano ba tun muna yara, haka babanmu ya koya masa. Magidanci yana cin rabi, ya bar rabi ga na ƙasa da shi, ya bar nama ga auta. Ko a shekarar yunwa haka ya yi. In kin zuba masa tulin duniya, rabi zai ci. In kin zuba masa cokali biyu, ɗaya zai ci. Ke kuma sai rage masa kike yi! Sannan abin da ya bar miki, da hannun hagu, ki kife wa awaki yana kallo. Ni ma da ni ce, da na daina ci."

Na zauna a kan turmi. Ai na sani. Ba wani sabon abu ta gaya min ba. Ni ce nake zama a bayan ƙofar zaure da akushi a cinya, ina tona ƙasan tsaki da yatsa, don a can yake tura min naman kada yayyena su gani. Shekara da shekaru ina ci. Na tuna kanwa, na tuna ruwan rijiya, na tuna irin itacen da Inna ke hurawa, amma na manta wanda yake cin ragowar. Tsoka takwas ya bar min, na ba kyanwa. Huɗu kuma na daka su don kada ya samu abin da zai bari.

Na ce, "Goggo, saura ɗaya."

Ta ce, "To Allah ya so ki. Ina akushinsa?"

Yana saman kabad. Yayyena sun haɗo shi cikin kayansa, ni kuma na jefa shi can, wai itace ba ya wankuwa, yana riƙe ƙwayar cuta. Na hau kujera na sauko da shi, na wanke, na shafe shi da man shanu yadda Inna ke yi.

Ran Juma'a na hura wuta da wuri. Tsakin da ya rage a gwangwani na lissafa zai kai mu Litinin in na ci gaba da ɗibar kaɗan. Na ɗebi na rana ɗaya, Goggo ta ce, "Juye duka."

Na ce, "Na Inna ne fa, daga shi babu wani."

Ta ce, "Don a ci ta barza. Juye."

Na juye, na buga gindin gwangwanin. Na sa yakuwar da ta rage, da daddawa ta ƙarshe, na kife kwalbar man shanu a kusa da wuta har ta tsiyaye. Na ɗauko tsokar nan guda ɗaya, na kankare kitsen da ya daskare a gindin langa na zuba a miya. Da aka sauko daga masallaci na cika akushin har baki, na ɗora naman a sama, na rufe da faifai. Na shiga da sallama, na durƙusa na ajiye a gabansa.

Ya daɗe yana kallon akushin. Ya miƙa hagunsa ya shafa gefensa, wurin da ya taɓa tsagewa aka ɗinke da waya. Bai dube ni ba. Na ja labule, amma ban tafi kicin ba. Na zauna a ƙasa a bakin ƙofa, na jingina da bango, inda zai iya ganin ƙafafuna ta ƙarƙashin labule. Goggo tana can gindin bishiya tana jan carbi, ta yi kamar ba ta gan ni ba.

An daɗe. Ina jin numfashinsa, ina jin akushi yana gogar tabarma. Sau biyu ya yi tari, na yunƙura, na koma na zauna. Can sai na ji shiru, sannan na ji ana turo abu a hankali a kan tabarma, har gefen akushin ya taɓa labule.

Na shiga. Rabi ya ci, rabin akushi guda, abin da ya fi duk cin da ya yi a makon nan in an haɗa. Gemunsa ya ɓaci, rigarsa ta ɓaci, gumi ya jiƙa masa goshi. Ban ɗauki akushin na fita ba. Na wanke hannu a butarsa, na zauna a gabansa na tanƙwashe ƙafa, mace mai shekara arba'in da 'yan kai, na yi bisimilla na sa hannu. Ba zan yi ƙarya ba, lomar farko sai da na yi ta maza, don gefen nawa ma miya ta ɗan tsallako. Ta biyu ban ji komai ba sai ɗanɗanon Juma'ar gidanmu. Naman ba ya sama inda na ajiye shi. Na tura yatsa ƙasan tsakin, ta gefena, na same shi a can.

Na ɗago shi na miƙa masa. Na ce, "Baba, na Inna ne. Shi ne na ƙarshe. Ka ci ko rabi."

Ya girgiza kai, ya nuna ni da haɓa. Na ci. Ina tauna hawaye yana zuba cikin akushi, ban share ba, na cinye tas na suɗe gefen da yatsa kamar yadda nake yi ina yarinya.

Ran Litinin sikeli bai nuna ya ƙaru ba. Amma likita ya duba idonsa, ya ji yadda yake ci tun Juma'a, ya ce a ƙara mana wata guda. Ba a taɓa sa masa robar ba. Ya yi wata takwas a gidana kafin Allah ya karɓi abinsa, yana cin burabuskon geron kasuwa da naman mahauta, wanda bai kama ƙafar na Inna ba, kuma bai taɓa nuna ya damu ba. Kullum rabi nasa, rabi nawa.

Amma a Juma'ar nan ta farko, da na gama na ajiye akushin, na ga leɓensa yana motsi. Na matsa kusa, na jira. Ya yi ta fama, jijiyar wuyansa ta tashi, yawu ya zubo, na sa gefen mayafina na goge masa. Sannan maganar ta fito, a karkace, amma na ji ta sarai.

Ya ce, "Auta, kin daɗe."